'Yan Sanda Sun Wulaƙanta Ɗana, Yanzu Yana Tara Kuɗin Bindiga

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, shekararmu 13 a Amurka. Maigidana direban babbar mota ne, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Damuwata a kan ɗan farinmu ne, shekararsa 20, yana kwaleji. Kwanakin baya yana dawowa daga aiki da dare 'yan sanda suka tare shi, wai ya yi kama da wani da suke nema. Suka kwantar da shi rub da ciki a kan titi, suka sa masa ankwa, mutane na kallo. Da suka duba takardunsa suka sake shi, ko haƙuri ba wanda ya ba shi. Ya shigo gida jikinsa na ɓari, sai babansa ya ce da ya yi musu ladabi da ba a kai ga haka ba, mu baƙi ne, ba ruwanmu da rigimar baƙaƙen fatar ƙasar nan da 'yan sanda. Tun daga ranar ba ya cin abinci da mu, ba ya barci. Yanzu ya shiga wani zaure na samari a waya. Na duba wayarsa na ga suna cewa zanga-zanga ta gaba ba za su je hannu rabbana ba, tunda masu aƙidar fifita farar fata ma da bindigogi suke zuwa. Ya fara tara kuɗin sayen tasa. Babansa ya ce zai yankar masa tikiti ya tura shi gida wurin baffansa. Dukanmu girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, gare mu, ba mu zama 'yan ƙasa ba tukuna. Anti, in goyi bayan a tura shi, ko in kai ƙarar samarin, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yaye miki, ya tsare miki shi. Na san bindigar ce ta hana ki barci, kuma za mu zo kanta. Amma bari in fara da maganar da maigida ya faɗa a daren nan, domin a ganina daga nan yaron ya fara kuɓuce muku.

Abin da yake nema da ya shigo da shatin ankwa a hannu shi ne wani nasa ya ce masa, "An zalunce ka." Sai ya ji an ɗora masa laifin. Ba na cewa maigida ba ya ƙaunarsa. Tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Uban da ya sha wuya ya kai iyalinsa wata ƙasa yana son ya yarda akwai dabarar da in an bi ta an tsira: ka kama kanka, ka yi aikinka, kada ka tsoma baki a abin da ba naka ba. In ya amince ɗansa ya kiyaye duk wannan kuma aka kwantar da shi a titi, ya amince ke nan ba shi da ikon kare shi. Wannan kuwa da ɗaci yake ga kowane uba.

Sai dai "mu baƙi ne, ba ruwanmu" magana ce marar gindi. Amadou Diallo baƙo ne, Bafulatani daga ƙasar Gini, ɗan shekara 23, yana sayar da safa da kaset a bakin titi a New York. A daren 4 ga Fabrairun 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka nufo shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi, kuma bayan shekara guda kotu ta wanke su duka. Ba wanda ya tambaye shi asalinsa kafin a buɗe wuta. Ƙididdigar da jaridar Washington Post ta fara tattarawa a 2015 ta nuna 'yan sandan Amurka suna bindige mutum wajen dubu a kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, abin ya fi faɗa wa baƙar fata fiye da ninki biyu na farare. Mukan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, to a idon ɗan sandan da ya haska fitila da tsakar dare gemun ma ɗaya ne. Ɗanki da ya shiga ƙasar yana ɗan shekara bakwai ya san haka tun yana sakandare. Ku da kuka girma a inda kowa baƙi ne kuna iya mantawa da launin fatarku, shi ba a taɓa barinsa ya manta ba. Waɗancan samarin na waya su ne suka fara ce masa yana da gaskiya, shi ya sa ya koma wurinsu. In kuna son ku dawo da shi, dole ya ji wannan kalma a gida, kuma daga bakin babansa.

Yanzu bindiga. Kada ki fuskance shi da "haramun ne" ko "so kake ka kashe ni da hawan jini", domin yana da hujjarsa, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Gaskiya ne ana zuwa zanga-zanga da makamai a Amurka, kuma a jihohi da yawa doka ta yarda. Gaskiya ne kuma siyasar ƙasar ta yi zafi: an kutsa majalisar dokoki ranar 6 ga Janairun 2021, an harbi Donald Trump a kunne a wurin gangami a Yulin 2024, an kashe 'yar majalisar jihar Minnesota, Melissa Hortman, da mijinta a gidansu a Yunin 2025, aka kuma bindige ɗan gwagwarmayar masu ra'ayin mazan jiya Charlie Kirk a wata jami'a a Satumbar 2025. Kowane ɓangare yana nuna gawar nasa yana cewa kun gani, mu ma sai mun shirya. Haka abin yake hauhawa. Ba lallai sai an sami mai niyyar fara kisa ba. Kowa "kare kai" kawai ya fito yi, har ranar da masu tsoro biyu za su yi ido huɗu, kowanne da yatsa a kan kunamar bindiga.

Tambayar da za ki yi masa ita ce: waɗanda suka riƙe bindigar don kare kai, ta kare su? Ki ba shi labarin Philando Castile, ma'aikacin kicin ɗin wata makarantar firamare a Minnesota. A Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da motarsa, shi ma saboda wai ya yi kama da wani da ake nema. Yana da lasisin riƙe bindiga, kuma cikin ladabi ya sanar da ɗan sandan cewa tana jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka yi harbi bakwai cikin motar, budurwarsa na gefe, 'yarta mai shekara huɗu na kujerar baya. An wanke ɗan sandan a 2017. Wannan labari ya kamata uba da ɗa su zauna su ji shi tare, domin ya taɓa kowannensu: ladabin da maigida ya dogara da shi bai cece shi ba, lasisin da yaron yake ganin zai ba shi kariya shi ma bai cece shi ba.

Sai Garrett Foster, wanda lamarinsa ya fi kama da abin da samarin nan suke shiryawa. Farar fata ne, tsohon sojan sama. A Yulin 2020 ya fito zanga-zangar neman haƙƙin baƙar fata a birnin Austin na jihar Texas, yana tura budurwarsa a keken guragu, rataye da bindigarsa yadda dokar jihar ta halatta. Wani soja mai suna Daniel Perry ya kutso da mota cikin taron, Foster ya matso kusa, Perry ya harbe shi ya ce tsoron bindigar ya ji. Kotu ta same shi da laifin kisa a 2023, aka yanke masa shekara 25, amma a Mayun 2024 gwamnan jihar ya yi masa afuwa. A birnin Kenosha na jihar Wisconsin ma, wata guda bayan kisan Foster, Kyle Rittenhouse ɗan shekara 17 ya kashe mutum biyu ya raunata na uku. Na ukun yana riƙe da ƙaramar bindiga, kuma amsawar da ya yi a kotu cewa tana fuskantar Rittenhouse lokacin da aka harbe shi tana cikin abubuwan da suka ƙarfafa hujjar kare kai. Aka wanke Rittenhouse a 2021. Dokar kare kai tana duba ko wanda ya yi harbin yana da dalilin jin tsoro. Bindigar da ke kafaɗarka ita ce take ba shi dalilin, sannan wanda ya rayu shi ke ba da labari. In haka ta faru da fararen fata 'yan ƙasa, wa zai tsaya sauraron saurayi baƙi, Musulmi, ɗan baƙin haure?

Akwai kuma abin da ya bambanta shi da abokansa, kuma ina zaton bai lissafa da shi ba. In su haifaffun ƙasar ne, ko an kama su gida za su koma bayan shari'a. Shi girin kad gare shi. Dokar shige da fice ta Amurka ta sa laifin da ya shafi bindiga, ko da riƙe ta ne kawai ba bisa ƙa'ida ba, cikin laifukan da ake tasa ƙeyar mutum a kansu, komai daɗewarsa a ƙasar. Ƙa'idojin kuwa suna canzawa daga jiha zuwa jiha, abin da ya halatta a nan laifi ne in ka tsallaka gada. Tun 1968 dokar tarayya ta sa shekara 21 kafin dillali mai lasisi ya sayar wa mutum ƙaramar bindiga, shi kuwa yana 20. Hanyar da samari suka saba bi, wani babba ya saya da sunansa ya miƙa wa ƙarami, babban laifi ne da ke kai mutum gidan yari na shekaru.

Zauren wayar shi kansa tarko ne. Saƙon da aka rubuta cikin fushi da ƙarfe biyun dare, mai gabatar da ƙara zai karanta shi a kotu da rana tsaka a matsayin haɗin baki. Kuma irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa rasa ɗan rahoto a ciki. Lokacin da 'yan sanda suka kashe Fred Hampton, jagoran ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther a Shikago, a kan gadonsa a Disambar 1969 yana ɗan shekara 21, mutumin da ke kula da tsaronsa ne ya ba hukumar FBI taswirar gidan. A 2020 ma, masu ra'ayin riƙau da suka ƙulla sace gwamnar Michigan suna tare da 'yan rahoto a tsakiyarsu. Ki ce masa ya lura da wanda ya fi kowa zafin baki a zauren, mai cewa a daina surutu a yi aiki. Ko ɗan rahoto ne ko wawa ne, bin sa ba alheri.

Zai ce miki zanga-zangar lumana ba ta kawo komai ba. Kada ki yi masa musu gaba ɗaya, domin akwai gaskiya a ciki: kudirin gyaran aikin 'yan sanda da aka sa wa sunan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a 2020, ya wuce a majalisar wakilai, ya maƙale a ta dattawa, bai zama doka ba. Amma ki tambaye shi me ya kai Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan Floyd da gwiwa har ya mutu, gidan yari na shekara 22 da rabi. Wayar wata yarinya ce 'yar shekara 17, Darnella Frazier, da ta tsaya cak tana ɗauka fiye da minti tara. Sanarwar farko da 'yan sandan suka fitar cewa ta yi mutumin ya gamu da matsalar rashin lafiya. A New York, a 2011 kaɗai an tsayar da mutane a titi ana bincike sau fiye da 685,000, galibinsu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba. Mutanen da aka yi wa irin abin da aka yi wa ɗanki ne suka kai ƙara, suka tsaya gaban alƙali suka ba da shaida. A 2013 kotun tarayya ta ce yadda ake gudanar da tsarin ya saɓa wa kundin mulki, cikin 'yan shekaru adadin ya sauko ƙasa da 20,000. Ki ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Dallas a Yulin 2016, inda mutum ɗaya ya harbe 'yan sanda biyar a wurin zanga-zangar lumana. Washegari labarin harin ya danne maganar Castile da aka kashe kwana ɗaya kafin harin. Wani malamin kimiyyar siyasa, Omar Wasow, ya bi diddigin zanga-zangar shekarun 1960 gunduma-gunduma, ya gano inda aka yi ta lumana farare na kusa sun ƙara karkata ga masu goyon bayan 'yancin baƙar fata, inda kuwa ta rikiɗe ta zama tarzoma ƙuri'u sun koma ga Richard Nixon mai kiran "doka da oda" a zaɓen 1968. Masu son a murƙushe wannan fafutuka ba abin da suke jira kamar hoton baƙin saurayi da bindiga.

Batun tura shi gida, ban goyi baya ba. Shekararsa 20, a dokar ƙasar baligi ne, ba mai iya sa shi a jirgi dole. In kuka yaudare shi da sunan ziyara aka riƙe fasfonsa, kun yi asarar amincewarsa, wataƙila har abada. Ga shi kuma mai girin kad da ya wuce wata shida a waje yana jawo wa kansa tambayoyi, in ya kai shekara ana iya ɗauka ya yi watsi da zamansa. In shi da kansa yana son ya je hutun 'yan makonni ya sha iska, wannan daban.

Kai ƙarar samarin ma, a kan abin da kika gaya mini, ban ga lokacinsa ya yi ba, kuma sunan ɗanki ne zai fara shiga takarda. Amma akwai iyaka. Ranar da kika ga an ambaci sunan wani mutum, ko wani wuri da rana, ana maganar kai hari, to magana ta tashi daga cika baki. A ranar ki nemi lauya, ta hannunsa a sanar da hukuma, ko da yaron zai yi shekara ba ya gaishe ki. Ran mutum ya fi fushinsa. Kuma ki gaya masa kin duba wayarsa. Zai yi fushi, amma gara ya ji daga bakinki da ya gano da kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne "ba ya barci, ba ya cin abinci da mu". Mutumin da aka danne shi a ƙasa yana zaton mutuwarsa ta zo, jikinsa yakan daɗe bai yarda an gama ba: firgita, mugun mafarki, saurin hasala, ƙaurace wa mutane. Wannan ciwo ne da ake magani, kuma yawancin kwalejoji suna da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa kyauta ga ɗalibai. Ina nanata wannan ne domin fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka a kowace shekara su ne suke harbe kansu. Saurayi mai ƙunci, marar barci, da bindiga a ɗakinsa, hatsarin farko a kansa yake tun kafin a je wata zanga-zanga. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya amsa da e, lambar waya 988 ta taimakon masu tunanin kashe kansu tana aiki dare da rana.

Sannan fushin nan a ba shi aikin yi. Tun yau ya zauna ya rubuta duk abin da ya tuna na daren: lokaci, titi, lambar mota, kamannin 'yan sandan, waɗanda suka gani. Ku nemi lauyan kare haƙƙin jama'a ya buƙaci hoton kyamarar da ke ƙirjinsu kafin a goge. Ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su ACLU da NAACP da CAIR suna karɓar irin wannan koke ko su nuna muku inda za ku. Ku hanzarta, domin wa'adin yana da gajarta, a New York misali kwana 90 ne kacal na sanar da birni niyyar neman diyya. Ba na yi miki alkawarin za a hukunta kowa, sau da yawa ba a yi. Amma koken yana shiga fayil ɗin ɗan sandan, kuma maigida ya ɗauki hutun yini guda ya raka ɗansa ofishin lauya, wannan zai faɗi abin da bakinsa ya kasa faɗa. In neman afuwa ya yi masa nauyi, kada ki matsa masa a gaban yara. Ki same shi ku biyu, ki ce masa yaron yana bukatar ya san babansa ya yarda da shi.

Kuɗin da yake tarawa kuwa, ga inda ya dace su tafi: neman zama ɗan ƙasa. Shekara biyar da girin kad a hannu ake bukata, kuɗin cike takardar a 2025 dala 700 ne da 'yan kai, kusan kuɗin bindigar ke nan. Ku nema dukanku, tun takardarsa tana da tsabta. Har sai ta fito, ko zanga-zangar lumana ya yi taka-tsantsan da ita, domin a Maris na 2025 an tsare Mahmoud Khalil, mai girin kad, na tsawon watanni saboda rawar da ya taka a zanga-zangar Jami'ar Columbia, ba tare da an tuhume shi da aikata wani laifi ba. In ya nace sai ya fita, ya je da rana, ya bar wurin kafin duhu, ya rubuta lambar lauya a hannunsa, makaminsa ya zama kyamara. Ki kuma nema masa dattijo cikin Musulmi baƙaƙen fata 'yan asalin Amurka. Masallatansu suna nan a kusan kowane babban birni, da yawa daga cikinsu na almajiran marigayi Imam Warith Deen Mohammed ne. Akwai tsofaffi a can da aka kwantar a titi tun kafin a haifi ɗanki, suka ga inda bindiga ta kai abokansu. Zai saurare su ta yadda ba zai saurari baffansa na gida ba, kuma ziyarar za ta amfani maigida shi ma.

Yana iya jin duk wannan ya ce sai ya saya. In ta kai ga haka, kada ku kore shi, domin kora za ta miƙa shi ga zauren gaba ɗaya. Amma gidanku ne, akwai ƙannensa biyu a ciki, kuna da ikon cewa bindiga ba za ta kwana a ƙarƙashin rufinku ba. Ku sa masa sharaɗi ɗaya kafin ya kashe ko dala guda: ya zauna awa ɗaya da lauyan shige da fice, ya ji da kunnensa abin da kuskure ɗaya zai jawo wa girin kad ɗinsa. Kuɗin ganin lauyan ku za ku biya, kuma ke za ki kama masa ranar.